Takaba a Cikin Kayan Gwanjo

Ni na fara ganin ɗakin nan zai shaƙe matar nan, tun kafin kowa a Badarawa ya san akwai abin gani. Yanzu kowa ya buɗe baki, wai shi ma ya hango. Ƙarya suke yi. Ni Ɗanladi mai amalanke, da ƙirjina na turo duk wani tsinke da ya shiga gidan Malam Labaran, shekara goma sha uku ina turowa. Ban yi boko ba, allo ma malaminmu ya gaji da ni tun ina ƙananan surori. Amma na je yaƙin Bama zamanin Turawa na ɗauki akwatin harsashi a ka, na dawo da kaina a wuyana. Agana ta kwantar da ni, ta gaji ta tafi. Amai da gudawan da ya share layinmu ya zo har ƙofata ya wuce. Mutumin da ya ga waɗannan, in ya leƙa ɗaki ya ce akwai magana, to akwai magana.

Malam Labaran masinja ne a wani ofishin gwamnati can wajen Doka. Mutumin kirki, ba caca, ba neman mata, ko sigari ba ya sha. Ciwonsa guda ne, gwanjo. Tun da Turawa suka fara tattara komatsansu suna komawa ƙasarsu, duk gidan da aka kaɗa ƙararrawar gwanjo Malam yana sahun gaba da kakinsa. Kaya masu kyau manyan ma'aikata ke kwashewa. Shi sai ya tsaya har a watse, ya sayi abin da aka rasa mai so. Fanka, alhali ko turken lantarki bai iso layinmu ba. Tafireta wadda rabin haƙoranta suka zube. Garmaho ba allura. Kujeru masu ƙafa uku, agogon bango huɗu kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama, sandunan ƙwallon Turawa cikin jakar fata, tayoyi, fitilu, jaridu ɗauri-ɗauri. In na ce, "Malam, wannan fa me za a yi da shi?" sai ya shafa abin kamar mai shafa kan jariri, ya ce, "Akwai ranarsa, Ɗanladi."

Gidan kuwa ɗan tsukuku ne. Zaure, tsakar gida kamar tabarma biyu, madafa, sai ɗaki guda babba. Zaure ya fara cika, tsakar gida ta bi, sannan kaya suka shiga ɗaki. Abin da ya fi ci mini rai taga ce. Ya sayo ta daga gidan wani Bature da aka rushe, ƙatuwa mai murfi biyu, jaki zai shige ta bai goga ba. Ya sa magini ya fasa bangon da ke kallon lungu ya kafa ta. Matarsa Hansai ta yi murna har ta ɗinka mata labule. Wata biyu ta sha iska. Sai ga mu da kabad ɗin ƙarfe na ofis mai ƙofa biyu, mu huɗu muka shigar da shi, aka duba aka rasa wuri sai gaban tagar. Ya rufe ta ruf. Na ce, "Malam, matarka ta ina za ta numfasa?" Ya ce na kwana biyu ne. Kwana biyun nan suka zama shekara goma sha ɗaya.

A shekarar saba'in da huɗu, ana gab da faɗuwar damina, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Malam. Allah ya jiƙansa. Hansai ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwana a wani wuri sai ɗakin mijinta. Abin da zan faɗa daga nan, rabinsa na gani da idona, rabinsa ita ta gaya wa matata Dije da bakinta.

Da farko Hansai ba ta damu ba. A ranta ta riga ta gama shiri. In an yi sadakar bakwai za ta aika a kira ni, in kwashe tarkacen nan in kai inda zan kai, ta share ɗaki ta yi zamanta. Ta yi kukan mijinta na gaskiya, amma ko a tsakiyar kukan, in idonta ya faɗa kan kabad ɗin sai ta ji wani abu kamar sauƙi yana taso mata, ta yi istigfari.

Ranar bakwai, da mutane suka watse, sai ƙanin mijinta Lawan ya yi sallama a ƙofar ɗaki. Lawan tela ne a Kurmin Mashi, a zauren gidansa yake ɗinki. Tun tana amarya suke wasa da shi, amma ranar fuskarsa ba wasa. Alli ne a hannunsa, irin wanda yake zana yadi da shi.

"Matar yaya, ɗan koma tsakar gida, zan shiga."

"Awo za ka yi wa ɓerayen?"

Bai yi dariya ba. Ya shiga a karkace, don ba a shiga ɗakin nan a miƙe. Ya riƙa bin kaya ɗaya bayan ɗaya yana ja musu layin alli. Fanka, layi. Taya, layi. Har gwangwanin ƙusoshi ya samu nasa.

"Lawan, mene ne haka?"

"Kayan magada ne. Ke, da Sa'adiya, da Datti. Ba abin da zai fita daga gidan nan sai an zauna an raba, kuma ba a rabawa sai Datti ya zo."

Sa'adiya ita ce 'yar Hansai guda ɗaya, malamar firamare, tana aure a Doka. Datti kuwa ɗan Malam ne na matarsa ta fari da ta rasu. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, wasiƙarsa ta ƙarshe daga Fatakwal ta zo, yau shekara biyu.

"Datti zai zo daga Fatakwal don kujera mai ƙafa uku?"

"Ko allura ce, akwai haƙƙinsa a cikinta. Ni ba zan tsaya gaban Ubangiji a tambaye ni dukiyar wanda ba ya nan ba. Na je wurin Liman, haka ya ce."

"To ka kai su wurinka ka ajiye masa."

"A'a. Inda mamaci ya bar kayansa, nan suka fi aminci. Ki yi haƙuri, na rubuta masa wasiƙa."

Kada wani ya ce Lawan mugu ne. Ba ya son ko ƙusa a ciki. Tsoron Allah ne ya yi masa yawa a wuri guda.

Damina ta sauka. Hansai tana da hanya guda a ɗakin, daga ƙofa zuwa inda take shimfiɗa tabarmarta, faɗinta bai fi kamu uku ba. Dama da hagu kaya ne har kusa da kwano. In za ta yi sallah sai ta naɗe tabarmar kwana, ta yi sujada goshinta na kusan taɓa taya. Da Malam na da rai, takan yini a tsakar gida ko ta shiga maƙwabta, ko ta tafi suna da biki, ɗakin na kwana ne kawai. Yanzu ba maƙwabta, ba suna. Tsakar gidan ma ruwa ke kwanciya tsakanin tayoyi, sauro ya yi gari a ciki. In hadari ya taso ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, duhu ya rufe ta da rana tsaka. Kwano yana yoyo a kan jaridu, jaridu suka kumbura suka yi funfuna. Warin ya shiga zanenta, ya shiga tuwonta. Gara ta hau bango tana aikinta, ɓeraye suna tsere a cikin garmaho.

A sati na biyar tari ya kama ta. A na bakwai numfashinta ya fara fito da ƙara kamar ana busa usur. Takan zauna ta jingina da tafireta, ta buɗe baki tana neman iska, tana kallon bayan kabad ɗin inda wani siririn haske ke ratsowa kamar zare. Iska tana nan, taku huɗu daga inda take zaune. Ta san launin labulen da ke bayan ƙarfen nan, ita ta zaɓi yadin.

Sa'adiya ta zo ranar Asabar da wata ƙawarta nas. Nas ɗin ta sa kai a ɗakin ta janyo shi da sauri.

"Inna, ba magani kike so ba, iska kike so. In kika ƙara wata biyu a nan, ƙirjin nan ba zai dawo daidai ba."

"Inna, ki taso mu tafi Doka," in ji Sa'adiya. "Ɗakin baƙi yana nan ba kowa."

Hansai ba ta kiran sunan 'yarta, 'yar fari ce. "Ke, kin taɓa jin mai takaba ta kwana a gidan suruki? So kike a ce ban riƙe wa ubanki kwana ɗari da talatin ba?"

"To a fitar da kayan!"

"Je ki gaya wa Baffanki."

Ta je. Lawan ya saurare ta har ta gama, ya ce wa yarinyar da aka haifa a gabansa boko ya sa tana ganin haƙƙi wasa ne. Ya sayo wa Hansai man shafawa a ƙirji da lemo, ya aiko. Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya biyo, ya tsaya a ƙofa ya gaishe ta, idonsa na yawo a kan layukan alli.

"Suna nan, Lawan. Ba wanda ya gudu. Ni ce ma ba ka ja wa layi ba."

"Allah ya ba ki lafiya, matar yaya."

"Amsar wasiƙa fa?"

"Tana hanya."

Fita ta haramta, fitar da kaya ta haramta. Hansai ta yi kwanaki tana juya abin, sai wata dabara ta zo mata. Ta aiki Dije wurin Liman da tambaya guda: in ba ta fitar da komai ba, ba ta fasa komai ba, tana iya gyara zaman kayan a cikin ɗakin? Liman ya ce gyara ba laifi.

Washegari ta ɗaure zane a ƙirji, ta rufe hanci da ɗankwali, ta fara. Ba ta kira kowa ba, don kada magana ta kai Kurmin Mashi. Ƙarfe ta haɗa shi da ƙarfe, takarda da takarda, abin fashewa ta naɗe shi da tsumma ta ware. Tana yi tana hutawa, tana tari. A ƙarƙashin wani ɗaurin jaridu ta tarar da kwallayenta na aure, guda shida, waɗanda ta daɗe da cewa an sace. Tsatsa ta cinye furannin da ke jikinsu. Ta zauna ta riƙe murfin ɗaya a cinya. Ta ce, "Malam, kai ma dai." Ta tashi ta ci gaba.

Matsalar ita ce, duk abin da ta ɗauke daga gaban kabad dole ta ajiye shi wani wuri, kuma wurin da ya rage a ɗakin shi ne hanyarta. Haka ta riƙa cin hanyar da kanta. Ta jera kujeru a gefen ƙofa, ta ɗora akwatuna a kansu, ta ɗora fitilu da fanka a kan akwatuna, ta tokare duka da gangar jikin wani tsohon keke. Kwana uku tana wannan gini. Rana ta huɗu, Alhamis da hantsi, gaban kabad ya zama fili, ƙofa kuwa da ƙyar take buɗuwa rabi.

Ta kwashe abin da ke cikin kabad ɗin. Ta sa muciya ta ɗaga gindinsa, ta tura taɓarya a ƙarƙashi, ta koma ɗaya gefen ta tura wata. Mu huɗu muka shigar da ƙarfen nan, maza. Ita kaɗai, da tari, ta sa kafaɗa ta ce bismillah. Ya motsa. Ta sake turawa, ya gangara a kan taɓaren kamu ɗaya, kamu biyu, sai ya ƙwace ya tafi da kansa. Kusurwarsa ta daki keken nan.

Ina zaune a lungu a gindin dalbejiya, ina ɗaure tayar amalankena, na ji ƙarar. Na ji bama-bamai a Bama, wannan ƙanensu ne.

Ginin kwana uku ya rushe a kan ƙofa. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa. Hansai ta tsinci kanta a durƙushe cikin ƙura da duhu, ƙwaurinta na jini, ƙirjinta ya kulle. Ta buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Ta lalubi bango, hannunta ya taɓa yadi, labulen ya narke a yatsunta kamar toka. Ta tura murfin taga, ya kumbura ya manne. Ta lalubo muciya ta doka. Ta sake dokawa. A na uku murafen suka wage.

Ni na fara ganin fuskarta, fara fat da ƙura, baki buɗe, tana haɗiyar iska kamar mai shan ruwa bayan azumi. Na kau da kai, don mai takaba ce. Na ƙwala wa Dije kira.

Kafin azahar lungu ya cika. An kira Sa'adiya daga makaranta, an kira Lawan, ya zo da tef ɗin awo a wuya. Suka shiga ta zaure suka tura ƙofar ɗaki, ko yatsa ba ta shiga. Wani ya ce a kawo gatari.

"Kada wanda ya taɓa ƙofar nan!" in ji Lawan. "Ita ma cikin rabo take. Kuma in kun tura da ƙarfi fitilun da ke bayanta za su farfashe."

Sa'adiya ta zagayo lungu tana kuka, ta ɗora turmi a gindin taga. "Inna, ki tako nan, ni da Dije za mu riƙe ki. Ki fito kawai."

Hansai ta leƙo. Ga turmi, ga hannuwa huɗu a miƙe. Taku ɗaya ta fita. Har ta ɗaga ƙafa. Sai ta ga abin da zai biyo baya kamar an shimfiɗa mata shi. Za a zaga da ita ta zaure a zaunar a tsakar gida. Lawan zai shiga ta taga ya gyara kayansa a tsanake, ya mayar da kabad inda wansa ya bar shi. Kafin magariba tana kan tabarmarta mai kamu uku, da sauran kwana sittin da ɗaya a gabanta.

Ta mayar da ƙafarta. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ke, kin haukace? Mai takaba ta ɗirgo titi ta taga, a gaban maza? A kira mini Liman."

Liman ya zo da sandarsa, tsoho ne, amma na girme shi. Ta yi masa magana ta bayan mayafi.

"Allah gafarta Malam, ya halatta in fita titi?"

"In akwai wata hanya, bai kamata ba."

"Ya halatta a fasa ƙofar magada?"

Liman ya kalli Lawan. Lawan ya girgiza kai.

"To ya halatta in mutu a ciki?"

"Subhanallahi. Rai yana gaba da kaya, Lawan. Ta miƙo abin da ya tare ƙofar, ku karɓa. Kai ne wakilin magada, ka tsaya a kansu."

Fanka ce ta fara fitowa. "Lawan, riƙe wa Datti wannan, kada zafi ya dame shi a Fatakwal." Mata suka tuntsire. Sai fitilu, ta naɗe kowace da tsumma, ko ɗaya ba ta fashe ba. Sai akwatuna. Sai kujera. "Ƙafa uku, ka duba da kyau, kada gobe a ce na cinye ɗaya." Ni ke karɓa ina miƙa wa Lawan, shi yana jerawa a jikin bango yana duba allinsa. Tana miƙowa tana tsayawa ta sha iska. Ƙirjin na busa, amma hannun bai tsaya ba.

Ba a yi awa guda ba bayan ƙofa ya zama fili. Ita kaɗai ta sani. Ta tsaya tana kallon ƙofar, ta waiwaya ta kalli sauran ɗakin, kaya har kwano a bango uku. Ta miƙa hannu a hankali ta zura sakata. Dije ta ce daga baya Hansai ta yi azumi uku saboda abin da ta faɗa bayan nan.

"Matar yaya, ta buɗu?"

"Je ka tura ka gani."

Ya zaga ya tura. Ƙofa ta ƙi.

"Saura kaɗan," in ji ta. "Akwai abin da ya tokare daga can ciki."

Tafireta ta fito. Garmaho ya fito, ɓera ya yi tsalle daga cikinsa ya bi ta ƙafar wandon wani mai kallo. Agogo huɗu, sandunan Turawa, tayoyi tana mirgino su. Jaridu kuwa wasu a hannuna suka ruguje, gara na zuba. Sau huɗu Lawan yana zagawa yana turawa, sau huɗu tana cewa saura kaɗan. A na biyar bai zaga ba. Ya zo ya leƙa ta tagar da kansa, ya ga bango huɗu tsirara, sai kabad a tsakiya da kwallaye shida a kusurwa. Ya ga sakata.

"Hansai!" Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Buɗe ƙofar nan. Yanzu za a mayar da komai."

"Ba a mayarwa."

"Amana ce!"

"Taka. Liman ya ce kai ne wakili, kowa ya ji. Ni an ce in zauna a ɗakin mijina, ga ni zaune."

Ya sunkuya ya ɗauki fanka zai cusa ta taga. Sai ta kama murafen nan biyu, waɗanda ta yi shekara goma sha ɗaya tana jiran su buɗe, ta ja su ta rufe, ta sa ƙugiya.

Duk lungu muka zuba wa taga ido. Ƙurar da ta tashi tun safe tana ciki tare da ita, ba ƙofa, ba taga. Muka fara jin tarin ta bayan katako. Ya yi ƙarfi, ya koma shaƙewa, sai busar nan kawai, tana tsayawa tana dawowa. A ciki Hansai ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Ƙugiyar tana saman kanta, in ta ɗaga hannu za ta taɓa ta. Ta tura hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

Sa'adiya tana dukan taga da tafin hannu. "Inna, ki buɗe! Baffa, don girman Allah!"

Gabas kuwa ta yi baƙi, iska ta fara ɗaga jaridu tana watsawa a lungu. Lawan ya kalli sama, ya kalli tulin kaya, ya kalli zauren wansa da ba ya ɗaukar ko buta. Liman ya matso kusa da shi.

"Lawan, mace ba ta buɗe maka ba, ba ka da ikon shiga mata tana takaba. Kaya kuma suna hannunka. In ruwa ya dake su, kai za a tambaya. In ita ta mutu a ciki, ita ma kai za a tambaya. Zaɓi wadda za ka iya amsawa."

Lawan ya ajiye fankar. Ya cire tef daga wuya ya cusa a aljihu. Bai dube ni ba ya ce, "Baba Ɗanladi, amalankenka lafiya?"

Na ce, "Ya fi ka lafiya."

Ya matsa jikin taga. "Matar yaya, kin ji. Zan kai su Kurmin Mashi. Ki buɗe."

Muryarta ta fito da ƙyar, kalma ɗaya, numfashi ɗaya. "Sai na ji kukan taya."

Na loda sahu na fari da gudu, na tura. Amalankena yana da wani kuka da duk Badarawa ta sani. Sai da na kai bakin lungu na ji murafen sun buɗe a bayana. Ƙofa kuwa ba ta zare sakata ba sai da sahu na takwas ya tafi. Sannan ita da Dije da Sa'adiya suka gangaro kabad ɗin a kan taɓare har bakin zaure. Shi ne sahu na tara, shi ruwa ya daka a hanya, ni da Lawan muna turawa, yana rufe shi da babbar rigarsa.

Hansai ta ƙarasa kwana sittin da ɗayan nan a ɗakin, ba ta taka waje ba ko sau ɗaya. Ta share, ta yi daɓe, ta shimfiɗa tabarma a tsakiya inda iska ke bugawa. Tarin bai bar ta gaba ɗaya ba, har yau in damina ta sauka yakan gaishe ta, amma busar ta tafi.

Datti bai zo ba tukuna. Duk mai ganin tsoho ne ke zuba, ya taso, ni zan kai shi Kurmin Mashi a kan amalankena kyauta. Zai tarar da Lawan yana ɗinki a waje ƙarƙashin rumfar buhu. Ya ce masa yana son shiga zaure. In ya shiga a miƙe bai karkace ba, ya dawo ya aske mini gemu a gaban masallacin Badarawa, ni zan riƙe masa madubi.